Wa Ke Da Laifi: Wanda Ya Danna Ko Wanda Ya Rubuta?

Na san akwai daga cikin 'yan'uwa marubuta waɗanda da zarar sun fahimci inda wannan maƙala ta dosa za su taɓe baki su ce, to me kuma ya haɗa mujallar adabi da gem, abin da yara ke kashe lokaci a kansa? Ina roƙon irin waɗannan 'yan'uwa su ba ni aron hankalinsu na ɗan lokaci. Da yawa daga cikin manyan wasannin kwamfuta ƙagaggun labarai ne, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zauna su ƙagi taurari, su sa musu magana a baki, su ƙulla rikici su warware shi, kamar dai yadda ni da kai muke yi a kan takarda. Bambancin da ke tsakaninmu da su guda ɗaya ne, amma babba ne. Wanda ya sayi littafinka ɗan kallo ne, iyakarsa ya buɗe shafi ya ga abin da ka riga ka hukunta. Shi kuwa wanda ya sayi wasa, an damƙa masa ragamar tauraro ne a hannunsa, shi zai sa shi ya yi gabas ko yamma, shi zai sa shi ya yi harbi ko ya ƙyale.

Daga wannan bambanci ne wata tambaya ta taso, wadda masu tarken waɗannan wasanni suka shafe shekaru suna kai-kawo a kanta, wadda kuma nake ganin mu ma ta shafe mu. Tambayar ita ce, idan marubuci ya tsara labarinsa ta yadda ɗan wasa ba shi da wata mafita sai ya aikata mummunan abu, sa'annan labarin ya juyo ya nuna shi da yatsa ya ce masa kai azzalumi ne, shin marubucin ya yi adalci? Wa ke da laifin, wanda ya danna maɓalli, ko wanda ya rubuta abin da maɓallin zai haifar?

Ragama ɗaya, hannu biyu

A shekarar 2005, Roger Ebert, shahararren mai sharhin fina-finai na jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka, ya bayyana wani ra'ayi da ya tayar da ƙura. A ganinsa wasan kwamfuta ba zai kamo ƙafar fim ko adabi ba, domin shi wasa yana buƙatar ɗan wasa ya riƙa yin zaɓi, alhali kuwa adabi na ƙwarai yana buƙatar iko ya kasance a hannun mawallafi. Ya sake nanata matsayinsa a 2010, masu sha'awar wasanni suka yi masa ca. Ban yarda da hukuncin da ya yanke ba, amma na yarda ya taɓo inda ke ciwo. Ragamar labari guda ɗaya ce, a cikin wasa kuwa hannu biyu ne ke riƙe da ita. In marubuci ya ja da ƙarfi, ɗan wasa ya koma ɗan kallo. In kuma ya saki gaba ɗaya, labari ya watse, domin mai wasa na iya barin yaƙin da ake ciki ya tafi kamun kifi.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu lura da shi tun daga farko. 'Yancin da ɗan wasa yake taƙama da shi na aro ne. Mai yin dara yana da zaɓin gidan da zai sa ɗansa, amma ba shi ya ƙayyade yawan gidajen ba, ba shi kuma ya kafa dokar ci ba. Haka abin yake a wasan kwamfuta. Duk ƙofar da ɗan wasa ya iya buɗewa, wani ne ya zauna ya zana ta, ya kuma rubuta abin da ke bayanta. Duk wadda ya tarar a kulle, wani ne ya kulle ta da gangan ko kuwa don kuɗi da lokaci sun ƙare masa. Ke nan ashe ba a maganar cikakken 'yanci, domin babu shi. Abin da ake magana a kai shi ne yadda mai ba da aro ya kamata ya yi mu'amala da wanda ya ara wa. Bari mu dubi misalai.

Birnin ƙarƙashin teku

A 2007 aka fitar da wasan BioShock, wanda Ken Levine ya jagoranci rubutawa. Labarin ya faru ne a 1960. Jirgin sama ya faɗa cikin tekun Atalantika, tauraron labarin mai suna Jack ya tsira, ya tsinci kansa a wani birni da ke ƙarƙashin ruwa wanda wani attajiri, Andrew Ryan, ya gina bisa aƙidar cewa kowa tasa ta fisshe shi, babu hukuma, babu tilascin taimakon wani. Birnin ya riga ya lalace. Wani mutum da ke kiran kansa Atlas ne ke yi wa Jack jagora ta rediyo, yana roƙon sa cikin ladabi ya je can, ya ɗauko wancan, ya kashe wane. Ɗan wasa yana bi, domin haka aka saba a kowane wasa, murya ta ba da umarni, kai kuma ka cika.

Can cikin labari sai asiri ya tonu. Ashe an yi wa ƙwaƙwalwar Jack aiki tun yana ƙarami ta yadda duk lokacin da ya ji wata 'yar jimla ta roƙo, ba shi da ikon ƙi. Atlas ya yi ta maimaita wannan jimla tun farkon wasa ba tare da ɗan wasa ya ankara ba. A wurin da aka bayyana wannan, sai aka ƙwace ragama daga hannun ɗan wasa baki ɗaya, yana ji yana gani Jack ya kashe Ryan bisa umarnin shi Ryan ɗin da kansa. Saƙon a fili yake, wato kana tsammanin kai ke da iko, ashe bawa ne kai.

Mutane da yawa sun yaba wannan hikima. Amma a cikin wannan shekara wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya rubuta tarken da har yau ake komawa gare shi, inda ya ƙirƙiro sunan wata matsala da za mu iya kira saɓanin wasa da labari. Ga yadda hujjarsa take. A cikin birnin akwai wasu ƙananan yara mata masu ɗauke da wani sinadari da ke ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, kuma an ba shi zaɓi, ko ya halaka yarinya ya kwashi sinadari mai yawa, ko ya cece ta ya sami rabin haka. A nan wasan ya bar ka ka gwada aƙidar son kai ko ka ƙi ta. Amma a babban labarin ba a ba ka zaɓi ba ko kaɗan, dole ka taimaki Atlas, dole ka yaƙi Ryan, ko da kuwa ka gamsu da aƙidar Ryan ɗin. Ɗan wasa ya haƙura ya bi, saboda ya san in bai bi ba wasa ya tsaya. Daga ƙarshe sai marubuci ya juyo yana yi masa dariya a kan wannan haƙuri da ya yi. A ganin Hocking, wannan ya kusa zama cin fuska.

Ni kuma zan ƙara da cewa bayan an ce an warware wa Jack wannan ɗauri, sai wasan ya ci gaba kamar da, wata muryar dabam ta karɓi ba da umarni, ɗan wasa ya ci gaba da bi. Marubuci ya nuna mana sarƙa, ya ce ya tsinka ta, amma ba mu ji ƙafarmu ta yi sauƙi ba.

Wutar da aka sa mu muka kunna

Misali na biyu ya fi wannan nauyi. A 2012 kamfanin Yager na ƙasar Jamus ya fitar da Spec Ops: The Line, wanda Walt Williams ya kasance babban marubucinsa. An gina shi a kan tsarin littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, har ma aka sa wa kanar ɗin da ake nema suna Konrad. A labarin, guguwar rairayi ta binne birnin Dubai, aka tura Kyaftin Martin Walker da abokan aikinsa biyu, Adams da Lugo, su dubo ko akwai masu sauran numfashi. Maimakon ya duba ya koma kamar yadda aka umarce shi, sai Walker ya yi ta kutsawa ciki, har ya shiga yaƙi da wata bataliyar sojan Amurka 'yan'uwansa.

A wani wuri sai suka tarar da sansanin da ya fi ƙarfinsu, ga kuma igwa a gefe da harsasan farin sinadarin fosfaras, wanda ke cin naman mutum har ƙashi. Lugo ya nuna ƙin amincewa, Walker ya ce babu wata hanya. Ɗan wasa ne da hannunsa zai saita igwar, yana kallon mutane a allo kamar fararen ɗigo-ɗigo, yana sakar musu wuta. Bayan wuta ta lafa sai a sa shi ya taka a hankali ta cikin gawawwaki, har ya iso wani rami inda zai ga cewa cikin waɗanda ya ƙone akwai fararen hula 47, har da wata uwa rungume da 'yarta. Daga nan wasan ya shiga yi wa ɗan wasa gori, har a rubuce-rubucen da ke fitowa a allo lokacin da ake jiran sabon babi, yana tuhumar sa da son zama gwarzo ta hanyar kisa.

Masu suka sun ce an yi musu rashin adalci. Wanda ya gwada ƙin taɓa igwar zai tarar abokan gaba ba sa ƙarewa, ko ya harbe nawa wasu za su fito, har sai an kashe shi ko ya miƙa wuya. Ke nan marubuci ne ya toshe kowace hanya ya bar guda, sa'annan ya tsaya a bakinta yana zagin mai wucewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu kare wasan kuwa, har da shi marubucin, sun nuna cewa akwai zaɓi guda da ya rage, wato mutum ya ajiye wasan ya daina bugawa, kamar yadda ya kamata Walker ya juya tun daga bakin gari.

To wanne ne gaskiya?

Ma'aunin laifi

Tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, Aristotil, ya yi bayani a kan wannan a littafinsa na ɗabi'a. A wurinsa yabo da zargi suna hawa ne a kan aikin da mutum ya yi da son ransa. Abin da aka yi bisa tilas, ko bisa rashin sanin haƙiƙanin abin da ake aikatawa, uzuri ya fi dacewa da shi, wani lokaci ma tausayi. Ya kuma kawo wani rukuni na tsakiya, ya ba da misalin matuƙan jirgin ruwa da ke zubar da kaya cikin teku saboda hadari. Da hannunsu suka zubar, amma ba wanda zai yi haka in da sarari. Mu ma a nan mun san wannan ma'auni, shi ya sa muke cewa dole ƙanwar na ƙi.

In muka ɗora abin da ya faru a Dubai ta cikin wasa a kan wannan ma'auni, za mu ga ɗan wasa yana da uzuri biyu a lokaci guda. An tilasta masa, kuma an ɓoye masa cewa akwai fararen hula. Batun cewa yana iya kashe na'ura ya tashi kuwa, ban ga ƙarfinsa ba. Wanda ya sayar maka da littafi ba zai ce laifinka ne da ka karanta babi na takwas ba. Daina wasa ficewa ne daga labari, ba zaɓi ne a cikin labari ba, kuma ba ya ceton ko mutum ɗaya daga cikin 47 ɗin nan, domin an riga an rubuta mutuwarsu tun kafin a kai wasan kasuwa.

Sai dai kuma, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan wanke ɗan wasa tas ba. Akwai abu guda da marubuci bai tilasta masa ba, wato abin da ya ji a ransa lokacin da yake sakin wutar. Duk wanda ya ji daɗin ganin ɗigon nan suna ɓacewa, wannan jin daɗi nasa ne, ba wanda ya danna masa shi. In gorin wasan a kan wannan yake, to ya faɗa a kan gaɓa. Wasannin harbi sun daɗe suna koya wa masu buga su cewa duk abin da ya motsa a allo abin harbi ne, kuma ba laifi ba ne wani marubuci ya zo ya sa su tsaya su dubi wannan ɗabi'a. Inda ya kuskure shi ne da ya haɗa kowa da kowa a tuhuma ɗaya, da wanda ya ji daɗi da wanda ya nemi wata hanya ya rasa.

Abin mamaki, a cikin wannan wasa akwai wurin da aka yi abin daidai. Can gaba, wasu fusatattun mazauna birnin suka rataye Lugo, suka kewaye Walker da Adams suna jifan su. Wasan bai rubuta wa ɗan wasa zaɓi a allo ba. Da yawa sukan buɗe wa taron wuta, don sun ɗauka abin da ake so ke nan. Amma wanda ya ɗaga bindiga ya yi harbi sama, sai taron ya watse ba tare da an kashe kowa ba. Wanda ya harbi mutane a nan, daga baya ya ji cewa ashe akwai wata hanya, shi kam ba ya buƙatar a yi masa gori. Zuciyarsa ta ishe shi. A ganina wannan ɗan wuri ya fi wancan babban tashin hankali na igwa isar da saƙo, domin a nan laifin na mai shi ne da gaske.

Alkawari kaya ne

Wani zai ce, to ashe maganin shi ne a yawaita zaɓi. Labarin Mass Effect ya nuna cewa abin ya wuce nan. Kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar da wannan wasa kashi uku, a 2007 da 2010 da 2012. Abin da ya ja hankalin jama'a gare shi shi ne, hukuncin da ka yanke a kashi na farko yana bin ka har na uku. Wanda ka bari ya mutu ya mutu ke nan, wanda ka ceta za ka sake haɗuwa da shi. Mutane suka shafe shekara biyar suna gina nasu Kwamanda Shepard, kowa da irin halin da ya ba shi. Kafin fitowar kashi na uku, masu wasan sun ba da tabbacin cewa ƙarshen ba zai zama irin na zaɓi ɗaya cikin uku ba.

Da wasan ya fito a watan Maris na 2012, sai aka tarar kusan hakan ne. A ƙarshe ana ba ka hanyoyi uku, kuma hotunan da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, babban abin da ya bambanta su shi ne launin hasken da ke tashi, ja ko shuɗi ko kore. Duk kanwar ja ce. Masu wasa suka fusata, suka yi ta ƙorafi har sai da kamfanin ya fitar da ƙarin bayani na ƙarshen labarin kyauta a watan Yuni na wannan shekara, wanda ya faɗaɗa sakamakon kowane zaɓi, ya kuma ƙara damar ƙin zaɓar ko ɗaya.

A lokacin wasu sun ce wannan abin kunya ne ga adabi, wai yaya za a yi masu saye su tilasta wa marubuci ya taɓa ƙarshen labarinsa? Wannan damuwa tana da tushe, kuma ba sabuwa ba ce. Arthur Conan Doyle ya kashe tauraronsa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai. Marubucin da ke bin son ran jama'a kullum, ƙarshensa ya zama ɗan amshin shata. Amma ina ganin akwai bambanci. Doyle bai taɓa ce wa mai karatu kai ke da Holmes ba. Su kuwa masu Mass Effect sun ce wa ɗan wasa wannan labarinka ne, sun karɓi kuɗinsa da lokacinsa a kan haka. Mai karatu ba shi da haƙƙin a ba shi ƙarshe mai daɗi, amma duk wanda aka yi wa alkawari yana da haƙƙin a cika masa.

Hanyoyi biyu na gaskiya

Akwai wasannin da suka tsallake wannan rami, kuma ta hanyoyi mabambanta. Na farko shi ne The Last of Us na 2013, wanda Neil Druckmann ya rubuta. Annoba ta cinye duniya, wani mutum mai suna Joel, wanda ya rasa 'yarsa, ya ɗauki nauyin raka wata yarinya, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta, zuwa wurin masu neman magani. Da suka isa sai ya gane cewa aikin da za a yi mata zai kashe ta. Joel ya bi ta kan masu gadin asibitin, ya kashe likitan, ya ɗauke ta, daga baya kuma ya yi mata ƙarya. Ɗan wasa ba shi da zaɓi a nan, ko ya so ko ya ƙi sai likitan ya mutu. Mutane da yawa sun ji nauyin abin a hannunsu, amma wasan bai taɓa cewa kai ne Joel ba, bai kuma juyo ya zarge ka ba. Tun farko an nuna maka cewa Joel mutum ne mai halinsa da tabonsa, kai kuwa kamar ɗan wasan kwaikwayo kake da aka ba ka rawarsa ka taka. Laifin na Joel ne, kai an ba ka damar ka ji yadda ake ɗaukar irinsa.

Na biyu shi ne Papers, Please, shi ma na 2013, wanda mutum ɗaya, Lucas Pope, ya tsara. Kai ma'aikacin shige da fice ne a kan iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa ta mulkin kama-karya a 1982. Aikinka duba takardu da buga hatimi. Ana biyan ka gwargwadon yawan mutanen da ka sallama daidai, in ka yawaita kuskure a ci ka tara, ga shi kuma a gida iyali na jiran kuɗin haya da abinci da magani. Wata rana wani mutum zai wuce da cikakkun takardu, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa. Da ta zo sai ka ga takardarta ba ta cika ba. In ka bar ta ta shiga an rubuta maka laifi, in ka mayar da ita ka raba miji da mata. Babu mai yi maka wa'azi. Wasan yana da ƙarshe iri 20, amma ƙarfinsa ba a yawan nan yake ba. Yana cikin cewa kowace ƙofa a buɗe take da gaske, kuma kowace tana da farashin da za ka biya daga aljihunka.

Ɗaya ya rufe ƙofa ya ce a rufe take. Ɗaya ya buɗe ya bar ka da abin da ka zaɓa. Duka biyun sun yi gaskiya da wanda ya ba su amana. Wannan, a ganina, shi ne abin da ke wuyan marubucin wasa. Ba a ce sai ya ba da 'yanci mai yawa ba, ana dai so kada ya yi ƙarya a kan gwargwadon wanda ya bayar, kada kuma ya ɗora wa wani laifin ƙofar da shi ya kulle da hannunsa.

Abin da ya shafe mu

Na ce tun farko wannan batu ya shafe mu, ko da ba mu taɓa rubuta wasa ba. Mu ma muna da waɗanda muke ba aron 'yanci, su ne taurarin labaranmu. Sau nawa muke karanta littafin da marubuci ya gina yarinya mai hankali da natsuwa tun daga shafin farko, sai a tsakiyar labari ya sa ta aikata wautar da ba ta dace da halinta ba, ba don komai ba sai don yana so ya hukunta ta a babin ƙarshe ya ce mana ga sakamakon masu irin wannan hali? Sau nawa muke ganin mugun da aka hana shi ko da dama guda ta yin alheri, sa'annan aka tara masa duk masifun duniya? Wannan shi ne igwar Walker a kan takarda. Marubuci ya toshe hanyoyi, ya tura tauraro cikin rami, ya koma gefe yana tsine masa. Mai karatu ko bai iya faɗin sunan matsalar ba, yana jin ta a jikinsa, shi ya sa darasin ba ya zama.

Darasi yana kama zuciya ne idan mai karatu ya ga cewa tauraro yana da wata hanyar da zai iya bi, ya gan ta, ya auna, ya bar ta saboda wani dalili da mu ma za mu iya faɗawa cikinsa. A nan ne mai karatu kan ajiye littafi ya tambayi kansa, da ni ne fa? Wanda aka ja da igiya zuwa ga halaka ba ya koya mana komai sai ƙarfin hannun mai ja.

Saboda haka ina ba matasan marubuta shawara, duk lokacin da kuka kawo tauraronku bakin wani babban kuskure, ku dakata ku tambayi kanku, shin akwai wata ƙofa a ɗakin nan? In akwai, ku nuna mana ita, ku bar shi ya juya mata baya da kansa. In kuwa babu, to ku sani abin tausayi kuke rubutawa, sai ku tausaya masa, ku ajiye bulala. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Marubuci ya fi kowa sauƙin faɗawa cikin wannan, domin shi ya tara ƙasar tudun, shi kuma ya zaɓi wanda zai tsaya a kai.